Yadda Ake Haɗa Dunƙulen Ƙarfe Mai Laushin Maganadisu Daga Gari

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu naɗin waya a Sabon Gari ya ga abin da ke cikin taransifoma ko sitabilaiza: siraran faya-fayan ƙarfe a jere, waya ta nannaɗe su. Aikin wannan ƙarfe na tsakiya shi ne ya karɓi maganadisu da zarar wuta ta bi waya, ya kuma sake shi da zarar ta juya. A wutar gida zagaye 50 yake yi cikin daƙiƙa guda, a cikin inbatar sola ko cajar waya kuwa dubbai ne. Ƙarfen da ke karɓa yana saki ba gardama shi ne mai laushin maganadisu. Duk gardamar da ya yi zafi take zama, zafin nan kuma wutar da aka saya da kuɗi ce ke tafiya a banza.

A 1988 Yoshizawa da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi Metals na Japan suka fito da wani gamin ƙarfe da aka sa wa suna Finemet. A cikin kowane atam 100 akwai ƙarfe 73.5, silikon 13.5, boron 9, niyobiyam 3, da jan ƙarfe 1. Sirrinsa yana cikin girman ƙwayoyinsa, waɗanda ba su wuce nanomita 10 zuwa 15 ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Daga baya Giselher Herzer na Jamus ya bayyana dalili: idan ƙwayoyi suka yi ƙasa da kusan nanomita 40, kowace ƙwaya takan kasa tsayawa a kan alƙiblarta, sai maƙwabta su rinjaye ta, maganadisu ya riƙa juyawa cikin sauƙi. Ya kuma nuna cewa taurin maganadisu yana hawa ne da girman ƙwaya ninki shida a jere. Wato in ƙwaya ta ninka girmanta sau biyu, taurin ya ninka sau 64. Ka riƙe wannan lissafi, domin duk abin da za mu yi nan gaba a kansa ya rataya.

Matsalar Finemet ita ce sifarsa. Ana samun sa ne ta hanyar fesa narkakken ƙarfe a kan wata ƙafar jan ƙarfe mai gudu, ya daskare da saurin da ya kai kusan digiri miliyan guda a daƙiƙa. Abin da ke fitowa siririn kirtani ne mai kaurin maikuromita 20 ko kusa da haka (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda atam ɗinsa ba su samu damar jeruwa ba, suna a hargitse irin na gilashi. Ana iya naɗe shi ya zama zobe, amma bayan an gasa shi don ƙwayoyin nan su tsiro yakan yi gautsi, kuma ba ya ba ka sifar da kake so in ba zobe ba. Shi ya sa ake komawa ga gari: a niƙa, a zuba a mazubi, a matse, a samu dunƙule.

To, a nan gizo ke saƙar. Garin ƙarfe na yau da kullum sai an kai shi sama da digiri 1000 kafin ya haɗe. Wannan gari kuwa da ya haura digiri 600 ƙwayoyinsa sun fara kumbura, boron ya fara haɗuwa da ƙarfe yana haifar da wasu ƙwayoyi masu taurin kai, laushin da ake nema ya tafi. Saboda haka abin da zafi zai yi, matsi ne zai yi shi. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin aikin.

Mataki na farko: ka yanke shawarar inda garinka zai fito

Hanyoyi uku ne. Ta farko, a fesa narkakken ƙarfe da iskar gas ko ruwa mai ƙarfi ya zama gari mai ƙwayoyi zagayayyu. Wannan aikin masana'anta ne, sai dai ka saya. Ta biyu, ka sayo kirtanin nan da ba a gasa ba, ka farfasa shi da kanka. Ta uku, ka auno garin kowane sinadari daban, ka zuba a injin niƙa mai ƙwallaye, ya daka su har su zama gami ɗaya.

Ɗalibanmu na Samaru sun fi karkata ga ta uku, domin tana da daɗin rubutawa a kundin bincike kuma ana ganin kamar komai a gida aka yi. Ni dai shawarata ita ce ka fara da ta biyu. Dukan da ƙwallaye ke yi wa gari na tsawon sa'o'i yana barin gajiya a cikin ƙarfen, ga iskar oksijin da ke kutsawa, ga ɓurɓushin ƙwallayen kansu. Garin da aka samu ta haka taurin maganadisunsa yakan kai ɗaruruwa, wani lokaci dubban amfiya a kan mita, alhali gasasshen kirtani yana wajen ɗaya ne kacal. Duk da haka zan bayyana hanyoyin biyu, domin ta ukun tana koyar da abubuwa da yawa.

Idan niƙan gami za ka yi

Ka fara da awo, kuma kada ka ɗauki lissafin atam a matsayin lissafin nauyi. Wannan kuskuren yana lalata aiki tun daga tushe. Idan aka juya adadin can na sama zuwa nauyi, a cikin giram 20 za ka auna ƙarfe 16.67, silikon 1.54, niyobiyam 1.13, boron 0.40, jan ƙarfe 0.26. Sikelin da ke karanta kashi ɗaya cikin dubu na giram kake buƙata. Kowane sinadari yana da aikinsa. Silikon da boron su ke hana atam saurin jeruwa. Jan ƙarfe ba ya son zama cikin ƙarfe, sai ya ware ya yi ƙananan tarurruka, kowane taro ya zama wurin da sabuwar ƙwaya za ta tsiro, shi ya sa ƙwayoyin ke fitowa da yawa a lokaci guda. Niyobiyam kuma nauyin jiki gare shi, ba ya saurin tafiya, sai ya taru a bakin kowace ƙwaya ya hana ta girma. Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne wannan niyobiyam ana iya samun sa daga kolumbait, dutsen da aka riƙa haƙowa tare da kuza a tsaunukan Jos, har Nijeriya ta kasance kan gaba wajen fitar da shi a shekarun 1950. Yau ɗalibin Zariya sai ya yi odarsa daga ƙetare.

Ka zuba garin a tulun niƙa na ƙarfe mai tauri, da ƙwallaye masu nauyin da ya ninka na garin sau 10 zuwa 20. Giram 20 na gari ke nan yana son ƙwallaye giram 200 zuwa 400, manya da ƙanana a haɗe. Ka ƙara ɗan sitiyarik asid, kamar kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin garin, don kada ya manne a jikin tulu. Kada ka cika hannu, domin kabon ɗin da ke cikinsa a ƙarfenka zai ƙare.

Rufe tulun dole a cikin iskar agon za a yi shi, wato gas ɗin da ba ya haɗuwa da ƙarfe, don a kare garin daga oksijin. Inda babu akwatin safar hannu na musamman, ana amfani da jakar leda mai kauri da aka yi wa safar hannu, a cika ta da agon a sace, a sake cikawa, har sau da yawa. Wajen sayen agon ka buɗe ido. Akwai wanda masu walda ke amfani da shi da aka gauraya da kabon dayoksaid, wannan ba naka ba ne. Ka nemi zalla, mai tsarkin kashi 99.99 ko fiye.

Ka sa injin a kan juyi 250 zuwa 350 a minti, ya yi minti 30 ya huta 15, don kada tulun ya ɗau zafi. Niƙan yakan ci sa'o'i gommai. Ka riƙa ɗiban ɗan samfuri a sa'a ta 5, ta 10, ta 20, ta 40, kana kai wa na'urar XRD, wadda ke haska samfuri da hasken X-ray tana zana layuka da tuddai masu nuna yadda atam suka jeru. Ranar da layukan silikon da niyobiyam suka ɓace, ya rage tudu mai faɗi guda a wajen kusurwar digiri 45 na zanen, to gami ya haɗu, sai ka tsaya. Ƙarin niƙa bayan nan datti kawai yake ƙarawa. Ka ajiye littafi kusa da injin kana rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka dawo da ita, in ba haka ba lissafin sa'o'inka zai rikice.

Gargaɗi na gaske: garin ƙarfe da aka daɗe ana niƙawa yana iya kamawa da wuta da kansa idan ya haɗu da iska farat ɗaya. Ka bar tulun ya huce sarai, ka buɗe shi a cikin agon, ka bar iska ta shiga kaɗan-kaɗan. Bokitin busasshen yashi ya kasance kusa da kai. Ba a kashe wutar garin ƙarfe da ruwa. Ka kuma bar taga a buɗe, domin agon ba shi da wari kuma yana kore iskar numfashi daga rufaffen ɗaki.

Idan kirtani za ka farfasa

Wannan ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗanyen kirtani yana lanƙwasuwa, ba ya yarda ya karye. Ka yayyanka shi da almakashi, ka gasa shi cikin agon a digiri 350 zuwa 400 na sa'a guda. Wannan zafin bai isa ya tsirar da ƙwayoyi ba, amma ya isa ya sa shi gautsi. Daga nan niƙa na ɗan lokaci, a hankali, ya wadatar. Ka tankaɗe da rariyar awo, ka ɗebi abin da ya wuce ta maikuromita 150. Gari mai ƙananan ƙwayoyi sosai yana rage asarar wuta a na'urori masu saurin juyi, amma yana rage yadda zoben ke karɓar maganadisu. Haɗa manya da ƙanana yana sa ƙananan su cike gurbin da manyan suka bari.

Mataki na biyu: ka tambayi garin iyakarsa

Kafin ka kunna tanderu, ka kai miligiram kaɗan a gwada a na'urar DSC, wadda ke ɗumama samfuri tana auna zafin da yake fitarwa. Za ka ga tudu biyu. Na farko, wanda a Finemet yake fara tashi a ɗan sama da digiri 500, shi ne tsirowar ƙwayoyin da kake so. Na biyu, can sama da 600, shi ne na ƙwayoyin da ba ka so. Tsakanin tuddan nan biyu nan ne filin aikinka. Kada ka dogara da adadin da ka gani a takardar wani, domin niƙa da datti suna gusar da tuddan.

Mataki na uku: rufa wa kowace ƙwayar gari riga

Maganadisu mai juyawa yana haifar da wata wuta da ke kewaye a cikin ƙarfen kansa tana zama zafi. Wannan asara tana hawa da murabba'in saurin juyi, da kuma murabba'in kaurin ƙarfen. Dalilin da ya sa ake yin zuciyar taransifoma da faya-fayai ke nan maimakon dunƙule. In ka matse garinka tsirara ya haɗe, ka buɗe wa wannan wuta hanya daga bango zuwa bango. Don haka duk abin da zai yi aiki a inbata ko caja, sai an raba ƙwayoyin garin da abin da ba ya ɗaukar wuta.

Ka narkar da fosforik asid, kamar rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin garin, a cikin asiton. Ka zuba garin kana juyawa har asiton ya bushe. Wani siririn rufi na fosfet zai hau kan kowace ƙwaya. Sai ka bi da ƙaron silikon, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, shi ma a narke, ka sake juyawa har ya bushe, ka murtsuke, ka tankaɗe. Kada ka yi amfani da efoksi in dai za ka gasa zoben, domin tun kafin a kai digiri 500 ya ƙone. Lokacin damina, musamman a watan Agusta da iskar Zariya ke cike da laima, ka busar da garin a oben mai digiri 80 zuwa 100 kuma ka adana shi a rufaffiyar kwalba mai maganin laima. Hunturu ya fi dacewa da wannan aiki, sai dai ƙura. Ka rufe komai.

Mataki na huɗu: matsi

Garin nan ba ya curuwa kamar dawo a hannun mai fura. Ƙwayoyinsa sun fi garin ƙarfe na yau da kullum tauri ƙwarai, ba sa lotsawa su rungumi juna sai an matsa musu da ƙarfin gigafaskal ɗaya zuwa biyu.

Ga lissafin da zai amfane ka. A ce zobenka yana da faɗin milimita 20 a waje, 12 a ciki. Fuskarsa ta kai murabba'in milimita 201. Gigafaskal ɗaya a kan wannan fuska nauyin tan 20 ne, ɗaya da rabi kuma tan 30. Injin matsi mai jak na tan 50 ya ishe ka ke nan. Giram shida na gari zai ba ka zobe mai tsayin milimita biyar ko kusa da haka.

Mazubin shi ne abin da ba a yi masa rowa. Masu injin sassaƙa ƙarfe na Sabon Gari ko na Panteka a Kaduna suna iya fitar maka da sifar, amma ka tabbatar ƙarfen kayan aiki ne irin D2, an taurara shi bayan sassaƙa, an kuma goge cikinsa ya yi sumul. Ƙarfen gini zai buɗe tun a matsin farko. Ka shafa wa bangon mazubin zinki sitiyaret. Ka zuba gari, ka daidaita samansa, ka hau matsi sannu a hankali don iska ta samu fita, ka tsaya a ƙololuwa kamar minti ɗaya, ka sauko sannu. Ka sa garkuwar ƙarfe tsakaninka da injin, ka sa gilashin kare ido, domin taurararren mazubi in zai fashe ba ya sallama. In zobe ya fito yana rabewa hawa-hawa, ko an sauke matsin da gaggawa, ko ƙaron bai wadata ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan kai ga cikakken dunƙule, wato injin SPS, mai tura wuta mai ƙarfi ta cikin mazubi yana matsawa a lokaci guda. Yana hawa digiri 50 zuwa 100 a minti, ya tsaya minti biyar zuwa goma kawai, ƙwayoyi ba su samu sararin girma ba. Mazubin girafait ba ya jure abin da ya wuce megafaskal 100 da yawa (wato kashi ɗaya cikin goma na gigafaskal), saboda haka a wannan aiki na tangistin kabaid ake sawa, wanda ke ɗaukar ɗaruruwa. In ka samu damar aika samfuri inda ake da injin, ka gaya musu su sa zafin ƙasa da abin da DSC ya nuna, domin ma'aunin zafin bangon mazubi yake karantawa, cikin garin kuwa ya fi bango zafi.

Mataki na biyar: gashi

Nan ne ake haifar da ƙwayoyin, nan ne kuma ake sauke gajiyar da matsi ya bari. Ka sa zoben a tanderun bututu. Ka ajiye ɗan ɓurɓushin taitaniyam ta ɓangaren da gas ke shigowa, ya riƙa cinye sauran oksijin kafin ya iso ga zoben. Ka bar agon ya wanke bututun na minti 20 zuwa 30 kafin ka kunna.

Ka hau da digiri biyar a minti. A wajen 300 zuwa 350 ka ɗan tsaya, abin da zai fita daga ƙaro ya fita. Idan ka kusanci zafin tudun farko na DSC, ka rage gudu zuwa digiri ɗaya ko biyu a minti. Dalili kuwa, tsirowar ƙwayoyi tana fitar da zafi nata na kanta. A siririn kirtani zafin yana tserewa, amma a dunƙule yana taruwa, sai cikin zoben ya zarce abin da allon tanderu ke nunawa ba ka sani ba. Mutane da yawa a nan suke asarar samfuri, su kuma ɗora wa gari laifi. Ka tsaya a digiri 540 zuwa 550 na sa'a guda, ka kashe, ka bar agon yana gudana har zafin ya sauka ƙasa da 100.

Kada ka fara gashi a kan wutar da ba ka da tabbacinta. Janareta ya kasance a shirye da mansa. In kuma wuta ta yanke duk da haka, kada ka rufe gas. Ka kuma riƙa sa ma'aunin zafi na biyu daf da zoben, domin tsofaffin tanderu sukan yi saɓanin digiri gommai, filin aikinka kuwa bai fi haka faɗi da yawa ba. Zoben da ya fito launin toka mai haske ya tsira. Wanda ya fito shuɗi ko ruwan ƙasa ya sha iska.

Mataki na shida: awo

Ka fara da nauyi da girma. Cikakken Finemet yana da nauyin giram 7.3 ko kusa da haka a kowane dunƙule mai tsawo da faɗi da tsayi na santimita ɗaya-ɗaya. In zobenka na matsin sanyi ya kai kashi 80 cikin ɗari na wannan, ka yi ƙoƙari.

Sai XRD. Faɗin tudun nan na digiri 45 shi ke gaya maka girman ƙwaya ta lissafin Scherrer. Da na'urar da haskenta na X-ray ke fitowa daga jan ƙarfe, faɗin digiri 0.7 a rabin tsayin tudu yana nufin nanomita 12, faɗin 0.2 kuma ya haura 40, wato an wuce gona da iri. Ka cire faɗin da na'urar kanta ke ƙarawa kafin lissafi. Ƙananan layukan da suka ɓullo a gefen babban tudu alamar ƙwayoyin tudun DSC na biyu ce, sai ka rage zafi a gashi na gaba. Don tabbatar da abin da ke cikin gamin, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai riyaktar bincike da ta fara aiki a 2004, ta daɗe tana tantance sinadarai a samfura. Sai dai ka sani boron mara nauyi ne, na'urar XRF ta yau da kullum, mai gano sinadarai da hasken X-ray, ba ta ganinsa da kyau, shi sai an narkar da samfuri an auna ta hanyar ruwa.

Awon maganadisu a kan zoben kansa ya fi gaskiya, kuma ba ya buƙatar kaya masu tsada. Ka naɗe zoben da siririn tef, ka yi masa naɗi 50 da wayar rabin milimita, irin wadda masu naɗin fanka ke sayarwa. Tsawon hanyar maganadisu a wannan zobe santimita biyar ne, saboda haka amfiya ɗaya a waya tana ba da amfiya 1000 a kan mita. Ka auna indaktans, wato ƙarfin naɗin wajen tara maganadisu, da mitar LCR mai auna shi, ka raba abin da ka samu da maikurohenri 1.25. In mitar ta nuna maikurohenri 75, zobenka yana karɓar maganadisu fiye da iska sau 60. Kada ka karaya don ka ji kirtani yana kai dubu gommai. Zoben gari an san shi da gommai zuwa ɗari da ɗoriya, kuma wannan ne ake so a cok ɗin inbata, wato naɗin wayar da ke daidaita gudun wuta, domin ƙananan gurabun da ke tsakanin ƙwayoyi suna hana shi saurin ƙoshi idan wuta ta yi yawa.

Ka maimaita awon a juyi 1,000, da 10,000, da 100,000 a daƙiƙa. In adadin ya tsaya kusan wuri ɗaya, rigar fosfet da ƙaro ta jure matsi da gashi. In ya faɗi warwas yayin da juyi ke ƙaruwa, rigar ta yage, ƙwayoyi suna taɓa juna. A zagaye na gaba sai ka matsa zobe uku daga gari ɗaya, ka bar matsi da gashi yadda suke, ka canza yawan ƙaron kawai: kashi ɗaya, ɗaya da rabi, da biyu cikin ɗari.